Labarin Imamu Gazali, Malamin Da Ya Bar Kujerar Bagadaza

Babu malamin zaure a ƙasar nan wanda ya yi nisa da karatu da bai san sunan Imamu Gazali ba, kuma da wuya ka shiga ɗakin littattafan babban malami ka rasa ko da juzu'i ɗaya na littafinsa Ihya'u Ulumid Dini. Amma mun lura yawancin masu ambatonsa suna ɗaukarsa kamar an haife shi da tasbaha a hannu, bai taɓa sanin wahalar aiki ko kwaɗayin girma ba. Alhali kuwa malamin makaranta ne wanda Waziri ya naɗa, ana biyansa, ya yi ta hawa har ya kai inda babu sauran matakala, sa'an nan yana ɗan shekara talatin da takwas al'amarin ya juye masa. Sabo da haka muka ga ya kamata mu kawo labarinsa ga malaman makaranta da akawuna, musamman waɗanda furfura ta fara leƙo musu.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid. An haife shi a shekara ta 450 ta Hijira, watau wajen 1058, a Ɗus, cikin lardin Hurasan. Kangon garin yana nan kusa da birnin Mashhad a ƙasar Iran. Ubansa talaka ne mai son malamai, an ce sana'arsa kaɗin ulu. Ya rasu ya bar 'ya'ya biyu ƙanana, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, a hannun wani abokinsa sufi, tare da 'yar dukiyar da ya tara, ya yi wasiyya a koya musu karatu. Da guzurin ya ƙare, mariƙin kuwa shi ma ba shi da ko anini, sai ya shawarce su su shiga makaranta, don a wancan zamani makarantu su kan ciyad da almajiransu daga dukiyar waƙafi. Ashe ke nan yunwa na cikin abin da ya fara kai shi gaban malam. Mu da muka sha ganin yaro ya zo makarantar kwana don tuwo ya fita da ilmi, ba mu rena wannan dalili ba.

Bayan ya yi karatun farko a garinsu sai ya tafi Jurjan. Masu tarihi sun kawo labari cewa a kan hanyarsa ta komowa 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kayansa har da jakar da ya zuba takardun karatunsa. Ya bi su yana roƙo a mayar masa da takardun kawai, don su ne amfanin dukan tafiyarsa. Shugabansu ya yi dariya, ya tambaye shi wane irin ilmi ne wannan da za a ƙwace wa mutum a hanya ya koma jahili, sa'an nan ya sa aka miƙa masa jakar. Maganar nan ta shige shi ƙwarai. Da ya isa gida ya shekara uku yana hardace abin da ke cikin takardun. Malamin da ba ya iya tsayawa gaban aji sai da littafin shirinsa a hannu, ya yi wa kansa tambayar ɗan fashin nan.

Daga nan ya nufi Naisabur wurin babban malamin zamanin, Juwaini, wanda a ke kira Imamul Haramaini. Ya karanta fiƙihun Shafi'iyya da tauhidi da manɗiƙi da dabarun jayayya, ya zarce tsararsa. Da malamin ya rasu a 1085, sai ya koma zangon Waziri Nizamul Mulki. Ya kamata mu bayyana ko wane ne wannan. A lokacin Halifa na Bagadaza suna gare shi da alfarma, amma takobi yana hannun sarakunan Turkawa na gidan Saljuƙ, tafiyad da mulkinsu kuwa yana hannun wannan Waziri, wanda ya riƙe aikin kusan shekara talatin. Shi ya gina manyan makarantun da a ke kira Nizamiyya a Bagadaza da Naisabur da waɗansu birane, ya yanka wa malamai albashi, ya tanadar wa ɗalibai abinci da makwanci. Majalisarsa kullum cike ta ke da malamai suna gwada ƙwanji a kan mas'aloli. Nan saurayin nan na Ɗus ya yi ta kā da manya, har Waziri ya sa masa ido. A 1091 ya naɗa shi babban malamin Nizamiyya ta Bagadaza, kujerar da ko wane malami a daular ya ke mafarki.

Shekara huɗu ya yi a kanta. Ɗalibai ɗari uku su ke zama gabansa. Fadawa suna zuwa neman fatawa, Halifa Mustazhir da kansa ya umurce shi ya rubuta littafin raddi ga Baɗiniyya, ya kuwa rubuta. Cikin 'yan sa'o'in da suka rage masa bayan karantarwa ya zauna shi kaɗai, ba malami, ya karance littattafan Farabi da Ibnu Sina cikin ƙasa da shekara biyu, ya ƙara shekara guda yana juya su a zuci, kana ya wallafa Tahafutul Falasifa inda ya yi jayayya da masana falsafa a kan mas'ala ashirin. In da za a tambayi mutumin Bagadaza a wancan lokaci wa ya fi kowa sa'a cikin malamai, ba zai yi dogon tunani ba.

To, amma inuwar da ya ke zaune ƙarƙashinta ba ta daɗe ba. A watan azumi na 1092 wani ya soki Waziri da wuƙa a kan hanya, ya mutu. Bayan kamar wata guda Sarki Malik Shah ya bi shi. 'Ya'yan Sarki da ɗan'uwansa suka shiga yaƙi a kan gadon sarauta. A 1094 Halifa Muƙtadi shi ma ya rasu. Watau cikin shekara uku da naɗinsa, wanda ya ɗauke shi aiki da Sarkin da Halifan duk sun kau, ya rage malami yana kallon yadda a ke neman sa hannun malamai don halatta wa wannan ko wancan abin da ya ƙwata da takobi. Duk wanda ya taɓa ganin an sāke shugaban ofishinsu dare ɗaya, ya san yadda ƙasa kan yi rawa ƙarƙashin ƙafar ma'aikaci.

Abin da ya faru a zuciyarsa mun san shi ne daga littafinsa Almunƙizu Minad Dalali, wanda ya rubuta bayan ya wuce shekara hamsin. Ya ce ya duba hanyoyin masu neman gaskiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan littattafan sufaye, irin na Abu Ɗalibil Makki da na Muhasibi. Ya karance su kamar yadda ya karance na falsafa, sai ya tarar wannan fanni karatu ba ya isar da mutum ƙarshensa. Ya kawo misali da lafiya: likita mai ciwo ya san ma'anar lafiya da dalilanta sarai, amma ba shi da ita. Daga nan ya juya ya binciki kansa kamar yadda mai duba makaranta kan binciki aji. Ya ga mafi kyaun ayyukansa shi ne karantarwa, ya duba abin da ya ke karantarwa ya ga yawancinsa ba abin da zai amfane shi gobe kiyama ba ne. Ya duba niyyarsa, ya iske abin da ke tashinsa da safe ya tafi makaranta shi ne son girma da son sunansa ya yaɗu.

Wannan bincike shi ne, a ganinmu, abu mafi wuya da ya yi a rayuwarsa, ya fi rubuta Tahafutu wuya nesa. Kama kuskuren Ibnu Sina aikin ƙwaƙwalwa ne, an kuwa ba shi ita. Amma mutumin da kowa ke yabo ya zauna ya tuhumi kansa, alhali babu wanda ya kai ƙararsa, ba kasafai a ke samunsa ba. Kuma sanin cutar bai ba shi ƙarfin barinta nan da nan ba. Ya ba da labari cewa ya kan ƙudura niyyar barin Bagadaza da safe, kafin yamma niyyar ta warware. Zuciya tana raya masa cewa wannan wani yanayi ne mai wucewa, in ya sake ya bar wannan matsayi da babu mai tsoma masa baki a ciki, wata rana zai so komowa ya tarar an rufe ƙofa. Mun tabbata akwai cikin masu karatu wanda ya taɓa rubuta takardar barin aiki da dare, gari ya waye ya yayyage ta.

Kusan wata shida ya yi a wannan hali, tun daga Rajab na 488, watau Yuli 1095. Sai zaɓi ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ɗaure. Ya kan tilasta wa kansa ya fito don ya faranta wa ɗalibai rai, ya zauna a kujera, kalma ɗaya ta gagara. Ku dubi wannan al'amari: mutumin da duk arzikinsa da sunansa a kan harshe su ke, abin da aka fara karɓewa ke nan. Baƙin ciki ya sauka cikinsa, abinci ya daina narkewa, ko romo ba ya wucewa da daɗi, ƙarfinsa ya ƙare. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu suka janye, suka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba kuwa zai warke ba sai damuwar da ke cikinta ta kau. Mu dai ba mu ga abin da likitan yau zai ƙara a kan wannan magana ba, sai dai ya sa wa ciwon suna.

Da ya ga dabararsa ta ƙare sai ya mai da al'amarinsa ga Allah, ya ce daga nan aka sauƙaƙe masa rabuwa da girma da dukiya da abokai. A watan Zulƙida na shekarar, watau Nuwamba 1095, ya fita. Ya bayyana wa mutane Makka za shi, alhali a ransa Sham ya nufa, don yana tsoron in Halifa da abokansa suka san ba zai komo ba za su hana shi. Ya rarraba dukiyarsa, ya bar abin da zai ishe shi da 'ya'yansa. Ƙanensa Ahmadu ya riƙe karantarwa a madadinsa. Muna so a lura da wannan, kada wani ya ji labarin ya watsar da aiki ya bar iyali da yunwa ya ce koyi ya ke da Gazali: bai tafi ba sai da ya shirya abincin gidansa, ya kuma bar wa ɗalibansa malami.

Gari ya ɗauka da surutu. Malaman Iraƙi suka zarge shi, don a wurinsu babu wani matsayi a addini da ya wuce wanda ya bari. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ya kore shi. Na kusa, da suka ga yadda masu mulkin ke riƙe shi yana zamewa, suka ce kambun baka ne ya sami Musulmi da malamansu. Har yanzu akwai masu bincike da ke ganin rikicin sarauta yana da hannu cikin tafiyarsa. Ba mu ga dalilin musun wannan ba, ba mu kuma ga ya rage masa kome ba. Sau da yawa sai iska ta kaɗa ginin waje mutum ke duba tushen nasa.

Ya ce ya zauna a Sham kusan shekara biyu. A Dimashƙa ya kan hau hasumiyar babban masallacin Banu Umayya ya kulle ƙofa ya wuni shi kaɗai. An ce wata rana ya shiga wata makaranta a birnin ya ji malamin yana kafa hujja da maganar Gazali, bai san mai maganar na zaune cikin jama'a ba, da ya ji daɗin abin ya fara shigarsa sai ya bar garin. Ya tafi Baitul Muƙaddas, inda ya kan shiga Ƙubbar Dutse ya rufe kansa, shekara uku kafin mayaƙan Turai su ci birnin a 1099. A Halil, wurin kabarin Annabi Ibrahim, ya ɗauki alkawari uku: ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba, ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai ƙara shiga jayayyar malamai a bainar jama'a ba. In aka duba, ukun nan su ne daidai matakalar da ya taka ya hau. Ya yi aikin Hajji a ƙarshen 1096, ya ziyarci Madina.

Sa'an nan kiran 'ya'yansa ya jawo shi gida, shi da ya ke tsammani ya yi sallama da gida har abada. Ya biyo ta Bagadaza a 1097, ya sauka a masaukin sufaye kusa da makarantar da ya shugabanta, bai nemi kujerarsa ba. A nan wani saurayi daga Ishbiliya ta Andalus ya yi karatu wurinsa, shi ne Abubakar Ibnul Arabi, wanda daga baya ya zama babban alƙalin Malikiyya, mai littafin Ahkamul Ƙur'ani da malamanmu suka sani. Daga nan ya wuce Ɗus. Abin da ya ƙara mana ganin girmansa shi ne bai ɓoye ba cewa kaɗaicin nan bai taɓa cika masa yadda ya so ba. Ya ce al'amuran zamani da hidimar iyali da neman abin masarufi su kan gurɓata masa shi, natsuwa ba ta zo masa sai jefi jefi, amma duk sa'ad da aka kau da shi sai ya sāke komowa. Haka ya yi shekara goma. Bai kuwa daina karantarwa ba, sai dai yanzu a zaure ne, ga 'yan mutane kaɗan, ba albashin kowa.

Cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u. Littafi arba'in ne cikin kashi huɗu: ibada, al'amuran zaman duniya kamar ci da aure da sana'a da tafiya, halaye masu hallakarwa, da halaye masu tsirarwa. Ya buɗe da babin ilmi ya rufe da tuna mutuwa. Wanda ya san labarin mawallafin, in ya zo babin son girma da riya, zai ji kamar mai jinya ne ya warke ya ke kwatanta ciwon. Ya bayyana cewa kamar yadda mai kuɗi ke mallakar kaya, haka mai neman girma ke neman mallakar zukatan mutane, ga shi kuwa zukatan nan sun fi ruwan tukunya mai tafasa jujjuyawa, don haka mai gini a kansu ba ya barci. Duk da haka bai ce a yar da girma ɗungum ba. Ya yarda mutum na bukatar gwargwadon mutuncin da zai kāre shi daga zalunci ya sami biyan bukatarsa, kamar yadda ya ke bukatar gwargwadon abinci. Abin da ya hana shi ne a mai da guzuri ya zama shi ne garin da za a.

Littafin bai tsira daga suka ba, kuma wani sukan da gaskiyarsa. Gazali ba gwanin hadisi ba ne, ya kawo masu rauni da yawa, har sai da Hafizul Iraƙi, wanda ya rasu a 1404, ya bi su ɗaya ɗaya ya bayyana matsayinsu. A Kurɗuba ma an ƙone littafin a 1109, mawallafin yana da rai. Amma ya ci gaba da tafiya. Murtala Zabidi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1791, ya yi masa sharhi mai juzu'i goma, Zabidin nan kuwa shi ne ya ba Malam Jibrilu ɗan Umaru ijaza, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

A 1106, shekara goma sha ɗaya bayan fitarsa, Fahrul Mulki, ɗan tsohon maigidansa, wanda ya ke Wazirin Sarki Sanjar a Hurasan, ya matsa masa ya komo karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Ya yi shawara da mutanen kirki, suka ce ya karɓa, ga sabon ƙarni na Hijira yana shigowa, ga imanin jama'a ya yi sanyi. Ya ga kuma zamansa a ɗaki don hutun ransa, mutane suna cikin ruɗu, shi ma wani irin son kai ne. Ya koma aji. Ya ce ko da ya ke a ido komawa ce, a wurinsa ba ita ba ce, don dā yana koyar da ilmin da a ke samun girma da shi, yanzu kuwa yana koyar da wanda a ke gane ƙanƙantar girman da shi.

Irin wannan magana kowa na iya faɗa a kan kansa. Abin da ya ba ta nauyi shi ne shaidar Abdul Gafir Alfarisi, malamin Naisabur wanda ya san shi tun suna ɗalibai. Ya rubuta cewa Gazalin da ya sani dā mutum ne mai kaushin hali, mai rena mutane, mai ji da kaifin basirarsa da iya maganarsa. Da ya ga ya komo da tawali'u sai ya zaci shiri ne. Ya yi ta ziyartarsa yana lura, har ya tabbata mutumin ya sāke da gaske.

Zaman Naisabur bai yi daɗi duka ba. 'Yan watanni da komowarsa aka kashe Fahrul Mulki kamar yadda aka kashe ubansa. Mahassada suka tono wani littafin ƙuruciyarsa suka kai ƙararsa cewa ya taɓa mutuncin Imamu Abu Hanifa, har Sarki Sanjar ya sa aka kawo shi gabansa, duk da alkawarin Halil da ya kawo uzuri da shi. Ya wanke kansa, ya yi amfani da damar ya roƙa wa talakawan Ɗus sassauci, don fari da sanyi sun ɓata musu amfanin gona, ya kuma nemi a sallame shi. Ya gama littafinsa Almustasfa na usulul fiƙihi a 1109, ya koma garinsu.

A Ɗus ya gina 'yar makaranta da masaukin sufaye kusa da gidansa, ya raba yininsa tsakanin karatun Alƙur'ani da karantarwa da zama da masu zuwa neman gyaran zuciya. A 1110 malamin da ke kan kujerar Bagadaza ya rasu, aka aiko masa takarda daga fada ya zo ya karɓi wurinsa na dā. Ashe ƙofar da ya ji tsoron za a rufe tana nan buɗe bayan shekara goma sha biyar. Ya mai da amsa da ladabi, ya kawo uzurin ɗalibansa na Ɗus da iyalinsa da alkawarinsa da shekarunsa, ya ce a nemi wani. Maimakon haka sai ya ɗauki Buhari da Muslim, fannin da ya san yana da rauni a ciki, ya zauna gaban malamin hadisi kamar ko wane ɗalibi, yana da shekara hamsin da 'yan kai.

Ya rasu ran Litinin, 14 ga Jimada Lahir na 505, watau Disamba 1111, yana da shekara hamsin da biyar a lissafin Hijira, ya bar 'ya'ya mata. An karɓo daga ƙanensa Ahmadu cewa da asubar ranar ya yi alwala ya yi salla, ya ce a kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, kafin gari ya waye sarai ya cika. Aka binne shi a Ɗabaran, cikin Ɗus, garin da aka haife shi.